Tambaya Ta Fi Amsa Wuya

(Jawabin da aka karanta a madadin kwamitin kacici-kacici na ƙungiyar ɗalibai, daren buɗe gasar bana)



Bisa al'ada, abin da ake jira daga bakin kwamiti a irin wannan dare shi ne ya yi wa jama'a barka da zuwa, ya karanta dokokin gasa, ya ɗaga kofi kowa ya gani, sa'an nan ya koma ya zauna. Duk za mu yi wannan in Allah ya so. Amma akwai wani bashi da ke wuyanmu tun bara, wanda muka ga bai kamata a kaɗa ƙararrawar farko ba sai mun biya shi a gaban mutanen da aka ci shi a gabansu.

Waɗanda suka halarci zagayen ƙarshe na bara za su tuna cewa sa'ad da aka zo tambaya ta kusa da ta ƙarshe, maki ɗaya ne rak tsakanin ɓangarorin biyu. Aka tambayi wata 'yar'uwarmu, 'yar aji biyu, wace ƙasa ce ta fi kowace faɗi a Afirka. Ba ta ko numfasa ba ta ce Aljeriya. Alƙali ya dubi takardar da muka ba shi, ya ce ba ta ci ba. Aka miƙa tambayar ga abokan karawarta, suka ce Sudan, ɗaki ya ɗauki tafi da sowa, har wasu daga can baya suka yi mata ihu. Ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka tuna mata da dokar nan da ta ce maganar alƙali ita ce yanke. Ta sauke hannunta. Kofi ya tafi inda ya tafi.

To, jama'a, ita ce da gaskiya. Sudan ta riƙe wannan matsayi har zuwa ranar 9 ga Yuli, 2011, watau ranar da Sudan ta Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa mai cin gashin kanta. Tun daga ran nan Aljeriya ce kan gaba da faɗin da ya kusa murabba'in kilomita miliyan 2.4, Kwango ta Kinshasa na biye da ita, Sudan kuwa ta koma ta uku. Da muka bi sawu sai muka tarar daga wata 'yar ƙasida aka kwafo tambayar, irin waɗannan da ake tallarsu a tashar mota da bakin ma'aikatu, wadda aka rubuta tun kafin a raba Sudan, ana ta sake buga ta ana sauya mata bango kurum. Alƙali ba shi da laifin kome, abin da muka rubuta masa shi ya karanta. Laifin namu ne, mu da muka zauna dare ɗaya muka tattara tambayoyi ɗari biyu kamar masu tsintar ƙirare, ba a sami ko mutum ɗaya a cikinmu da ya ce a tsaya a duba ba.

Mun riga mun ba ta haƙuri a keɓe, yau kuma muna ba ta a bainar jama'a, gama a bainar jama'a aka yi mata dariya. Amma abin da ya fi damunmu ya wuce maganar kofi. A daren nan ɗaki cike yake maƙil, kowa kuma ya fita da Sudan a kansa, da hatimin jami'a a kai. Cikin waɗanda suka yi tafi akwai waɗanda yanzu suna yi wa ƙasa hidima a makarantun ƙauye, suna tsaye gaban allo da alli a hannu. Akwai kuma ƙananan ma'aikata masu shirin jarrabawar ƙarin girma, waɗanda suka zo da 'yan littattafansu suna rubuta amsoshinmu. Mun ɗauka wasa muke shiryawa, ashe darasi muke bayarwa, ajin ma kuwa ya fi na kowane malami cika.

Sunan nan kacici-kacici aro muka yi daga ɗakin kakanninmu, ya kamata mu tuna da bambancin da ke tsakanin nasu da namu. In tsohuwa ta ce shanunta dubu maɗaurinsu ɗaya, amsar tsintsiya ce bara, tsintsiya ce bana, tsintsiya ce baɗi. Wanda ya kasa kuwa sai a ce ya ba da gari, ya ba da Kano ko Katsina ko Gwanja, mai tambaya ya shiga ya ci ya sha a baki, kana ya faɗi amsa. Ko a nan ma yaro yakan tsinci sunayen garuruwa ba tare da ya san karatu yake yi ba. Namu na zamani, wanda ya zo mana ta hanyar makarantar boko da rediyo, amsoshinsa tsufa suke yi, wasu ma mutuwa suke yi suna nan kwance a takarda ba wanda ya yi musu sutura. Jihohin Nijeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, kana 36 a 1996. Ƙasar da ake kira Upper Volta ta zama Burkina Faso a 1984, Swaziland ta zama Eswatini a 2018. Tsofaffin littattafan makaranta sun ce dutsen Dimlang, wanda Turawa suka sa wa suna Vogel, shi ne mafi tsawo a Nijeriya da mita 2,042, alhali Chappal Waddi da ke Jihar Taraba kan iyakar Kamaru ya kai mita 2,419. Saboda haka tambayar labarin ƙasa da ba a ɗaura mata shekara ba kamar akuya ce da ba a ɗaure ba, ba ka san gonar wa za ta kwana ba.

Wannan mai sauƙin magani ne, dubawa kawai yake so. Wanda ya fi shi wuya shi ne tambayar da amsarta ba ta tsufa ba, amma ita kanta a karkace aka gina ta. Wa ke nan da bai taɓa amsa cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara ba? Gaskiya ne ya isa bakin kogin a Segu cikin 1796, gaskiya ne kuma a tafiyarsa ta biyu ya halaka a Busa, garin da ruwan madatsar Kainji ya shanye a 1968. Amma ran da ya isa Segu, jirage ya tarar suna fito da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sarkawa da Nufawa da sauran masunta sun yi shekaru aru-aru suna ci suna sha a kogin nan. In muka ce shi ya gano shi, mun koya wa yaro cewa abu ba ya zama sananne sai Bature ya gani. A tambayi shekarar da ya iso, ko garin da ya iso, ba wanda zai yi gardama.

Kuma ma me ya sa kullum sai Kwara da Nilu? Mun lura da wani abu mai ban kunya a gasannin da suka wuce: ɗan'uwanmu zai faɗi babban birnin Ostireliya kafin a rufe baki, amma a tambaye shi inda rafin bayan gidansu yake zuwa, sai ya hau susar ƙeya. Ga misalin irin tambayar da muke so mu riƙa ji. Ruwan sama ya zuba a kan dutsen Dala, wani kuma ya zuba a Zariya a dare ɗaya, ina kowannensu zai ƙare? Na Zariya zai bi Kubanni ya faɗa Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa shi ga Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara har tekun Atlantika. Na Kano kuwa ba zai taɓa ganin teku ba. Gabas zai nufa, ya shiga Kogin Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da rana da gonaki suka rage ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya lallaɓa zuwa Tafkin Chadi. Tsakanin garuruwan nan biyu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma akwai tudun da ya raba ruwansu har abada. Wanda ya san wannan ya san dalilin da ya sa in aka tare ruwa a Tiga, wadda aka gama a 1974, ko a Challawa, wadda aka gama a 1992, masunci a Nguru yake ji a tukunyarsa. Irin wannan sani shi ne zai amfani ma'aikacin da gobe za a ajiye masa fayil ɗin rikicin ruwa a kan tebur. Haka nan Gulbin Maraɗi: a ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima, bai nemi iznin kowa a kan iyaka ba.

Da muka zo kan tambayoyin abinci mun zaci a nan ne za mu huta, don kowa yana ci. Ashe a nan rigima take. Wani daga cikinmu ya rubuta, da me ake yin daddawa? Ya sa amsa: kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa. Nan take wani ya ce a garinsu akwai daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa, wata kuma ta ce a wajensu da waken soya ake yi. Duka ukun gaskiya suka faɗa. Da tambayar ta fita haka nan, da an kā da mutum biyu don kawai ba a garin mai tambaya aka haife su ba. Haka abin yake ga sunaye. Abin da Bakano ke kira waina, mutumin Bauchi masa yake ce masa. Barkonon Kano shi ne tonkan Sakkwato. In ka ce hatsi a Kano ka haɗa gero da dawa da maiwa, a Maraɗi kuwa gero kawai ka ambata. Mafi rikitarwa ita ce gujiya, wadda a wani wuri gyaɗa ce, a wani wuri kuwa ita ce ƙwaruru. Alƙalin da bai san Hausar da ta wuce ta unguwarsu ba zai yi ta yanka mutane da wuƙar jahilcinsa yana tsammani adalci yake yi.

Akwai kuma wata tambaya da ake yawan yi, wai a kawo abincin gargajiya na Hausawa, a karɓi tuwon masara da miyar tumatir da ƙuli-ƙuli. Ba mu ce a hana ba, gama abin da kaka ta ci ta ba jika ya zama na gida. Amma yana da kyau mai tambaya ya san cewa masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono da dankali da gwanda duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba kuwa wanda ya san su a wannan ɓangare na duniya sai bayan 1492. Bagauda bai taɓa ɗanɗana yaji mai barkono ba. Harshenmu ma ya ajiye shaida: sunan masara yana nuni ne zuwa Masar, tsofaffi kuma sukan ce gwandar Masar don su bambanta ta da gwandar daji, kamar yadda muke cewa dankalin Turawa. Gyaɗar nan da aka yi dala da ita a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, har ta zama alamar arzikin Arewa, baƙuwa ce da ta zauna ta yi gida. 'Yan asalin Afirka su ne gero da dawa da acca da wake da ƙwaruru da kuka da kaɗanya da goro, har da wata irin shinkafa da aka fara nomawa a fadamun Kwara tun kafin ta Asiya ta iso. Muna ganin tambaya ɗaya a kan wannan ta fi goma a kan abin da Faransawa ke karya kumallo da shi.

Game da al'adu ba za mu daɗe ba, sai abu guda. Hausa Bakwai za a ci gaba da tambayarsu, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, amma za a riƙa cewa bisa ga labarin Bayajida, don a san daga bakin da maganar ta fito. Tambayar nan ta ɗaya bakwai ɗin kuwa, wadda ake laƙaba musu sunan da kowa ya sani, mun cire ta. Na farko, jerin sunayen ya sha bamban daga wannan littafi zuwa wancan. Na biyu, a cikin ɗakin nan akwai Kabawa da Zamfarawa da Nufawa da Gwarawa da Yarabawa, ba mu ga dalilin da zai sa a ba wani maki biyu don ya kira su da wannan suna ta lasifika ba. Wanda ke son tambaya a kan Kabi, ga Kanta nan da ganuwar Surame tun ƙarni na 16, ga bikin kamun kifi na Argungu da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan a 1934.

Yanzu sai mu zo inda ƙafa ke rawa, watau tambayoyin addini. Wasu sun ba mu shawara mu bar su gaba ɗaya don a zauna lafiya. Mun yi ta juya maganar, a ƙarshe ba mu karɓa ba, amma mun gane abin da suke tsoro. Ku ɗauki tambayar da ta fi kowace yawo: ayoyin Alƙur'ani mai girma nawa ne? Amsar da ke bakin mutane da yawa, har da cikin ƙasidun nan, ita ce 6,666. Lamba ce mai daɗin faɗa, amma ba ta cikin ƙidayar malaman wannan fanni. Mus'hafin ruwayar Hafsu yana bin ƙidayar mutanen Kufa, ayoyi 6,236. Na ruwayar Warshu, wanda shi ne aka gada a makarantun allo na ƙasar nan, yana bin ƙidayar Madina, 6,214. Ba a ƙara kome ba, ba a rage kome ba, wurin da ake ɗaukar aya ta ƙare ne ya bambanta, shi ya sa Suratul Baƙara take 286 a wannan, 285 a wancan. To, ku duba abin da zai faru in gardin da ya sauke ya kuma haddace ya ce 285, yaron kwamiti da ko izu biyar bai kai ba ya kaɗa masa ƙararrawa. Haka farillan alwala: bakwai ne ga wanda ya karanta Ahalari a mazhabar Malikiyya, shida ne a wajen Shafi'iyya, huɗu a wajen Hanafiyya. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan. In aka ce littattafai nawa ne cikin Littafi Mai Tsarki, ɗan Katolika zai ce 73, ɗan ɗarikun Furotesta zai ce 66, kowa kuwa abin da aka koya masa a cocinsu ya faɗa. Teburin kacici-kacici ba wurin ba da fatawa ba ne, daƙiƙa goma kuma ba ta isa a raba gardamar da malamai suka yi ƙarnuka suna tattaunawa ba.

Abin da ya sa duk da haka muka ƙi barin su shi ne, akwai abubuwa da yawa da ba gardama a kansu, waɗanda rashin saninsu ke jawo mana abin kunya. Surori 114 ne, izu 60. Hijira ta auku a 622. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a 1817, birnin Sakkwato kuwa ɗansa Muhammadu Bello ne ya gina shi a 1809, ko da yake mutum tara cikin goma Shehu za su ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Indunisiya da Pakistan da Indiya, kowacce ta fi kowace ƙasar Larabawa yawan Musulmi. Muna son ranar da ɗalibi Kirista zai bayyana dalilin da ya sa azumi ke matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, watau don shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ɗalibi Musulmi kuma ya faɗi abin da ake tunawa da shi ran Ista. Yawancinmu aikin gwamnati za mu shiga, ba kuwa mu ke zaɓen inda za a tura mu ko wanda za mu zauna ofis ɗaya da shi ba.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, wai kacici-kacici karatun aku ne, ga shi kuma yanzu kowa da waya a aljihu, abin da ka tambaye ta sai ta faɗa maka. Mun ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar aku. Sai dai lambar nan 6,666 a waya muka fi ganinta tana yawo daga wannan zaure zuwa wancan. An ce matambayi ba ya ɓata, amma fa sai in ya san wanda zai tambaya, ya kuma san abin da zai auna amsar da shi. 'Yar'uwarmu ta bara ba waya a hannunta sa'ad da ta ce Aljeriya, kuma ita kaɗai ce a kan dandamali ta san takardarmu ta yi ƙarya.

Saboda haka, Shugaba, ga abin da ya sauya bana. Kowace tambaya an rubuta a bayan katinta wurare biyu da aka samo amsarta, da shekarar da aka buga kowannensu. Dokar da ta ce maganar alƙali ita ce yanke tana nan, amma mun yi mata ƙofa: ɗan takara yana da ikon ɗaga hannu sau biyu a kowane zagaye ya ce bai yarda ba, a jingine makin, malamai biyu da ke zaune a gefen nan su duba kafin a tashi. In ya yi gaskiya a ba shi makinsa, a kuma faɗa wa jama'a da babbar murya. In ya yi kuskure a cire masa ɗaya, don kada abin ya zama wasan yara. Wasu sun ce wannan zai rage wa alƙali kwarjini, mu kuwa muna ganin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daɗin daɗawa, mun roƙi 'yar'uwar tamu ta shigo kwamiti ta zama mai tace tambayoyi. Ta yi kwana uku ba ta ba mu amsa ba, daga baya ta yarda. Cikin tambayoyi ɗari biyu da muka miƙa mata ta dawo mana da talatin da ɗaya da jan biro a kansu, huɗu daga ciki mu masu karanta muku wannan jawabi muka rubuta su da hannunmu. Ga ta can zaune a kujera ta biyu daga hagun alƙali, katunan daren yau duka suna hannunta.

Muna roƙon ɓangarori biyu na farko su hau dandamali. Wassalamu alaikum.